Kar maigida ya sa hannu ranar Juma'ar nan

Wata 'yar uwa ce ta turo min wannan daga Kano, na taƙaita shi na cire sunaye.

"Assalamu alaikum Anti. Mijina direban Sharon ne, yana lodi a Unguwa Uku zuwa Kaduna. Wata biyu da suka wuce tirelar wani kamfani ta ƙwace ta afka masa wajen Kwanar Dangora. Allah ya taƙaita ba a rasa rai ba amma cinyarsa ta karye an sa masa ƙarfe, motar kuma ta tashi daga aiki, ita ce kaɗai abin da muke ci da shi. Mun kashe sama da miliyan ɗaya, na sayar da 'yan kunnena ga bashi. Yanzu wani mutum ya zo daga inshorar masu tirelar da takarda, wai za su ba mu miliyan 2.5 na komai da komai amma sai ya sa hannu kafin Juma'a in ba haka ba a rufe fayil. Yayan mijina ya ce a karɓa, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, lauya cinye kuɗin zai yi. Kawunsa kuma ya ce kuɗin inshora ma haram ne, ƙaddara ce a bar wa Allah. Shi kuma maigidan ya ce abin da na gani. Anti ya zan yi?"

Wa alaikumussalam ƙanwata. Sannu da jinya, Allah ya ba maigida lafiya ya sa kaffara ce, ke kuma Allah ya biya ki, dan zama da mai karayar cinya ba ƙaramin aiki ba ne, ɗaga shi, juya shi, kai shi banɗaki, ga yara ga tunanin abin da za a ɗora a tukunya.

Amsata ita ce kar ya sa hannu ranar Juma'ar nan, kar kuma ya dangwala. Ki lura ban ce ku ƙi kuɗin ba, ban kuma ce ku ruga kotu ba. A ƙarshe ma ina ganin sulhun za ku yi, amma ba yanzu ba kuma ba a kan wannan adadin da babu wanda ya zauna ya lissafa muku yadda aka yi aka same shi ba.

Takardar nan da ya kawo ba rasit ba ce kawai na cewa an karɓi kuɗi. Ki ɗauko ta ki duba a hankali, in kin ga an rubuta "full and final settlement" toh maigida yana amincewa ne cewa an biya shi duka haƙƙinsa, babu sauran abin da zai nema daga inshora ko kamfanin tirelar ko direban, yau da gobe da jibi. Da ya sa hannu kuɗi suka shiga asusu magana ta ƙare, kotu ma za ta ɗauke ta a matsayin yarjejeniyar da baligi mai hankali ya yi da kansa, kuma warware irin wannan sai an tabbatar da yaudara ko tilastawa, abu ne mai wuyar gaske. Toh yanzu ki tambayi kanki, wata biyu da sa ƙarfe, wa ya san yadda ƙafar nan za ta kasance? Karayar cinya ga babban mutum takan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ƙashi ya kama sosai, wani lokacin ya wuce haka. Akwai wanda ƙashin ke ƙin haɗuwa sai an sake shiga tiyata, akwai wanda wurin ke yin ruwa, akwai wanda ƙafar ke ɗan gajarcewa ko gwiwa ta sandare ta ƙi lanƙwasuwa, ga gashin ƙashi na watanni, ga cire ƙarfen in likita ya ga ya kamata wanda shi ma aiki ne da kuɗinsa. Kuma mijinki ba a ofis yake zama ba, da ƙafar nan yake taka kuloci da birki daga Kano zuwa Kaduna ya dawo. In ya karɓi miliyan 2.5 yau, bayan wata biyar likita ya ce sai an sake aiki, wa zai biya? Ke ce, kuma 'yan kunnen sun riga sun tafi.

Saboda haka abu na farko ba wajen lauya ba ne ma, wajen likitan ƙashin da ya yi masa aiki ne. Ku nemi rahoton asibiti a rubuce da hatimi, wanda ya faɗi irin karayar, aikin da aka yi, abin da ya rage a yi da kimanin kuɗinsa, da kuma yaushe ake sa ran zai iya komawa tuƙi, in kuma akwai nakasar da za ta zauna masa a faɗi. Ana biyan ɗan kuɗi kafin a bayar, ku biya, ya fi duk wata takarda da za ku riƙe daraja. Dan Allah kuma in dangi sun fara maganar a ɗauke shi a kai wa mai ɗori a ƙauye ki tsaya tsayin daka ki ƙi, wanda aka riga aka sa wa ƙarfe ba na mai ɗori ba ne, sannan in ƙafar ta samu matsala daga baya abin da inshora za su fara kamawa ke nan su ce ku kuka jawo.

Sai maganar adadin. Mutumin ya ce miliyan 2.5 na komai da komai, toh wane ne komai ɗin? Abubuwa ne daban daban aka cusa a buhu ɗaya aka ɗaure baki dan kar ku ga abin da ke ciki. Akwai motar, akwai kuɗin asibiti na baya da na gaba, akwai abin da ya rasa na samu tun ranar da ya kwanta, akwai kuma diyyar wahala da raɗaɗin da ya sha, wanda shi ma kotunan Najeriya suna bayarwa. Ku ce a rubuto muku kowanne da kuɗinsa. In kika cire miliyan ɗaya da wani abu da kuka riga kuka kashe, abin da ya rage ki aika ƙaninsa ya zaga wajen dillalan mota ya tambayo nawa Sharon mai lafiya take yanzu, tun da aka saki naira a 2023 kin san yadda kuɗin mota da kayan gyara suka yi. Abin da ya kamata a biya shi ne darajar motar a kasuwa ranar da aka buge ta, ba kuɗin da ya saye ta shekarun baya ba. Su inshora suna da injiniyansu da ke zuwa ya kimanta ɓarna, kuma su ke biyan sa, dan haka ku ma ku samo naku lissafin, makanike da mai gyaran jiki su rubuta, a je Ƙofar Ruwa a samo farashin kaya a kan takardar shago mai suna da lambar waya, dillali biyu ko uku su rubuta nawa irin motar take. Kar kuma a yi gaggawar sayar wa 'yan gwangwan da ragowar motar, ita ma shaida ce, a ɗauke ta hoto ta kowane ɓangare har da lambarta, in a bakin titi take ko harabar 'yan sanda a nemi izini a sa janwe ya kai ta inda ba za a kwance mata kaya ba, a ajiye rasit ɗin janwen shi ma yana cikin lissafi. Ku tambaya tun yanzu, in sun biya kuɗin mota ragowar ta wa za ta zama, dan wasu sukan cire kuɗin gwangwan daga abin da za su bayar.

Wani abu da ake yawan rufe mutane da shi, sai a ce ai inshora tana da iyaka ba za ta wuce kaza ba. Gaskiya ne akwai iyaka amma ki ji yadda take. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta ƙaramar mota daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3, manyan motocin dakon kaya irin tirela kuma nasu miliyan 5 ne. Wannan iyakar ta dukiya ce, wato mota ko shago ko katangar da aka rushe, ba ita ce ma'aunin raunin jikin mutum ko ransa ba. Sannan wanda ya yi muku ɓarna ba inshora ba ce, direban tirela ne da kamfanin da ya ɗauke shi aiki, inshora tana biya ne a madadinsu. In asarar ta wuce abin da inshora ta ɗauka, ragowar yana wuyan mai tirelar. Wannan takardar da ake so a sa wa hannu tana iya wanke su duka a lokaci ɗaya, shi ya sa nake ta nanata ta.

Yanzu aikin da ke gabanki, kuma ke za ki fi kowa iya shi. Ki samo jaka ɗaya ki tara duk wata takarda, rasit na tiyata, na gado, na jini, hoton ƙashi, har ƙananan rasit na kemis, wanda aka saya ba a karɓi rasit ba ki koma da katin likita ki roƙa a rubuta miki. Ki sayi littafi ki riƙa rubuta kwanan wata da abin da aka kashe, har kuɗin adaidaita zuwa asibiti da sandar da yake dogarawa. Dalili kuwa, a kotu ko a teburin sulhu kuɗin da aka ce an kashe sai an nuna shaidarsa ɗaya bayan ɗaya, "mun kashe sama da miliyan" ba ta wadatarwa. Na samunsa kuma tunda direba ba shi da takardar albashi, ku je wajen shugabannin yuniyon na tasharsu su rubuta cewa ɗansu ne, ga layin da yake bi, ga sawun da yake yi a mako da abin da yakan samu, in yana karɓar kuɗi ta banki a ciro bayanin asusu na watannin kafin hatsarin. Sai rahoton 'yan sandan kula da hatsari da zanen da suka yi na wurin, in 'yan Road Safety ne suka fara zuwa su ma suna da nasu bayanin. Fasinjojin da ke cikin motar a nemi lambar biyu ko uku, shaidu ne, su ma kuma suna da nasu haƙƙin daban ba a cikin naku ba. Duk wanda ya nemi takarda a ba shi kwafi, na ainihi su zauna a wajenki. In an zo da maganar maigida ya rubuta wa 'yan sanda cewa ya janye ƙara dan a saki direba da tirela, wannan ma kar a rubuta sai lauya ya ga kalmomin da za a sa.

Maganar yayansa cewa lauya zai cinye kuɗin, ban ce tsoronsa ba shi da tushe ba, ana yi. Amma maganin wannan a yi yarjejeniya a rubuce tun ranar farko. Akwai lauyan da za ku biya kuɗin zama ɗaya kawai ya karanta takardar ya faɗa muku abin da ke ciki, akwai wanda zai rubuta wasiƙar neman haƙƙi ya yi cinikin a kan kuɗin da aka yanka, akwai kuma wanda zai yarda sai an biya ku ya ɗauki kaso, ƙa'idar aikin lauyoyi ta yarda da hakan a shari'ar da ba ta laifi ba. In wannan za ku yi a rubuta kason, a rubuta wa zai ɗauki kuɗin zirga-zirga da na kotu, a kuma rubuta cewa ba zai amince da wani adadi ba sai da yardar maigida. In babu halin ko ɗaya, akwai Legal Aid Council, hukumar gwamnatin tarayya ce da aka kafa tun 1976 dan masu ƙaramin ƙarfi, suna da ofis a Kano, kuma neman diyyar hatsari yana cikin ayyukan da dokarsu ta ba su. Lauyan da zan ce ku guje shi ne wanda masu tirela ko mutumin inshora suka ce za su haɗa ku da shi, da wanda ya tare ku a bakin ofishin 'yan sanda yana ce muku zai ciro miliyan hamsin. Lauyan gaske yana da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA mai ɗauke da sunansa da yake mannawa a takardunsa, ku duba.

Kuma ku faɗa masa gaskiya duka. In lasisin maigida ya ƙare, ko takardun mota, ko ya yi lodi fiye da ƙa'ida, ko yana gudu, lauya ya ji daga bakinku kafin ya ji daga bakinsu, dan in aka samu shi ma yana da kaso a laifin ana rage diyya gwargwadon haka. Wannan yana cikin abin da zai sa a san ko a matsa ko a sassauta.

Ba zan ɓoye miki ba, kotu tana cin lokaci, shari'a irin wannan tana iya shekaru ana ɗagawa, ku kuma yau kuke buƙata. Shi ya sa na ce sulhu ne ya fi muku, sai dai sulhun wanda ya zo da jakar takardu da lauya a gefensa daban yake da na wanda ke kwance bashi ya shaƙe shi. Tayin farko da wuya ya zama shi ne na ƙarshe, ma'aikacin inshora aikinsa ne ya rufe fayil da mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi, ba wai mugu ba ne, aikin ke nan. In ciniki ya cije, babbar kotun Kano tana da sashen sulhu da ake zama a sasanta ba tare da doguwar shari'a ba, in kuma inshorar ce ke ja muku rai ko ta ƙi amsa wasiƙa, NAICOM tana karɓar koke a kan kamfanoni kuma suna jin tsoronta tunda ita ke ba su lasisi.

Juma'ar da ya faɗa kuwa, Juma'arsa ce, ba ta doka ba ce. Haƙƙinku ba ya mutuwa dan an wuce ranar da wani ma'aikaci ya yanka. Amma akwai wa'adi na gaske da doka ta sa na shigar da ƙara, kowace jiha da nata, a Legas misali shekara uku ne na rauni, in motar gwamnati ce ma akwai dokar da ta sa wata uku kacal. Taku ta kamfani ce, duk da haka tambayar farko da za ku yi wa lauya ke nan, ya faɗa muku ranar ku rubuta a bangon littafin nan, dan kar a yi ta ja da ku da "ku dawo mako mai zuwa" har lokaci ya ƙure.

Na san abin da ke cin ranki shi ne yau, abinci da magani da masu bin bashi. Toh a nemi a raba maganar biyu, a biya na mota yanzu tunda ita an san iyakar ɓarnarta, a bar na jiki a buɗe sai likita ya yi magana. Ko kuma a nemi kamfanin tirelar ya ba da wani abu na asibiti yanzu, a rubuta a takarda ƙarara cewa wani ɓangare ne ba duka ba. Ba dole su yarda ba amma ana yi, kuma wasiƙar lauya ko rakiyar shugaban tasha tana sa a saurare ku.

Sai Kawu. Ki ba shi girmansa, kuma gaskiya ya faɗa cewa ƙaddara ce, babu mai ja. Amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya sa diyya a kisan kuskure a cikin Suratun Nisa'i, malaman fiƙihu kuma suka yi babi guda a kan raunuka da abin da ake biya a kansu, duk wanda ya yi karatun zaure ya wuce ta wurin. Karɓar diyyar rauni ba rashin tawakkali ba ne. Yafewa alheri ce babba, amma haƙƙin mai ƙafar ne, shi zai yafe in ya ga dama da ransa, ba a yafe masa ba alhali yaransa na zaune babu kuɗin makaranta. Saɓanin da malamai suka yi a kan inshora kuma, wanda har majalisar fiƙihu ta Jidda ta yi matsaya a kai a 1985 ta ce a koma tsarin taimakekeniya irin na takaful, magana ce a kan shiga yarjejeniyar inshorar kasuwanci. Mijinki bai shiga yarjejeniya da su ba, bin wanda ya ji masa rauni yake yi, shi kuma ya ce ga wanda zai biya a madadina, malamai da yawa sun halatta karɓar wannan. Ku je da Kawu wajen malamin da shi kansa ya yarda da shi a tambaya a gabansa, hankalin kowa ya kwanta.

Yayan nasa ma kar ki yi ja-in-ja da shi, kin san yadda ake saurin cewa mace ta shiga tsakanin 'yan uwa a kan kuɗi. Maigida ne zai kira shi ya ce Yaya ina so ka raka ta wajen likita da lauya ka ji da kunnenka. In ya ji likita na lissafa abin da ya rage da bakinsa, ina kyautata zaton shi zai fara cewa a dakata. Ranar da za a biya kuma, kuɗi su shiga asusun maigida da sunansa kai tsaye daga kamfanin, ba tsaba a leda ba, ba ta asusun wani ba ko da ɗan uwa ne.

Shi kuma mutumin da ya kawo takardar, ku tabbatar ma daga inda ya ce yake. A danna *565*11# a waya a sa lambar tirelar, zai nuna ko tana da inshora ta gaske da sunan kamfanin, sannan wani ya taka har ofishinsu ya karɓo lambar fayil da sunan wanda ke riƙe da shi. In ya kira kafin Juma'a, maigida ya ce masa cikin mutunci, mun gode, mun ga tayinku, ku aiko mana shi a rubuce a kan takardar kamfani da bayanin nawa ne na mota nawa ne na asibiti nawa ne na rauni, muna jiran rahoton likita, lauyanmu zai amsa muku. Kar ya ƙara komai a kai, kar ya ce ya ji sauƙi, kar kuma ya faɗi adadin da zai iya karɓa. In kin samu rahoton likitan ki sake rubuto min mu ga inda aka tsaya.